Ƙasar da na ɗora a saman ɗakin Rabi

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, don Allah ka ɓoye sunana da lambata, sunayen da zan kira a nan ma duk na sauya su. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ta gaggawa, domin akwai jaririya 'yar kwana goma sha huɗu a cikin maganar nan. Tun kafin in fara, wanda ya san abin da zai rubuta mini shi ne Baba a yi haƙuri a yi ta addu'a, to ya riƙe abinsa, na gode. Addu'a ina yi. Haƙuri da shiru kuwa na yi su shekara da shekaru, su ne suka kawo ni inda nake yau.

Ni dattijo ne, na haura sittin da biyar, magini ne kuma ɗan magini, a wani gari tsakanin Anka da Bukkuyum da ba zan faɗi sunansa ba. Mahaifina ginin ƙasa yake yi, bango mai kauri, a jera azara, a shimfiɗa zana, a ɗora ƙasa a daɓe, a sa indararo, sannan can sama kusa da rufi ya bar 'yan ƙananan tagogi biyu suna kallon juna, iska ta shiga nan ta fita can. Ɗakin da ya gina, ka shiga da tsakar rana a tsakiyar bazara sai ka ji kamar ka leƙa cikin randa. A hannunsa na koya, kuma ni ne na rushe aikinsa da hannuna.

Lokacin da zinari ya buɗe a yankinmu, waɗanda suka san shekarun sun sani, kuɗi ya shigo hannun wanda bai taɓa riƙe shi ba, kowa ya ce shi kwano yake so, rufin ƙasa ya zama abin kunya. Ni na fi kowa zuga mutane, domin aikin kwano ya fi sauri, kuma ya fi suna. Na sauke azara gida bayan gida, na buga katako, na buga kwano. Don kada iskar farkon damina ta shiga ƙarƙashi ta ɗaga rufin, sai na riƙa cike tsakanin bango da kwano da laka, har 'yan tagogin nan na sama duk na toshe su. Bazara ta farko ba ta ƙare ba mutane suka fara tsine mini a bayan ido. Ɗaki ya zama tanda, mata da rana sai gindin bishiya, yara duk ƙuraje, tsofaffi suna cewa haka ake kiran sanƙarau. Silin kanti kuwa sai an je Gusau, ba kowa zai iya ba.

Sai na yi dabara. Na ce tunda ƙasa ce ke kawo sanyi, bari in mayar da ita ƙarƙashin kwano. In jera 'yan sanduna, in shimfiɗa kara a matse, in yaɓa laka a kai kamar kaurin yatsa uku, kwano yana can samansa. Wallahi ta yi aiki, ɗaki ya dawo da sanyinsa. Amma lakar fadamarmu tana da tsakuwa kuma tana tsagewa in ta bushe. Wata rana na bi ta bakin kududdufin bayan gari inda ake wanke dutsen da aka niƙa, na ga lakar da ke saura bayan an tace zinari, tuli guda, babu mai so. Na sa hannu na murza, laushi kamar kwaɓin fura, ko tsakuwa ɗaya babu. Na gwada ta, ta bushe sumul. Daga ranar ita na riƙa ɗebowa da amalanke. Ɗaki tara na yi da ita, ina iya nuna su da ido rufe. Na farkonsu, wanda na fi ƙawatawa, shi ne ɗakin Rabi matar ƙanena Bala, domin gidan mahaifinmu muke zaune, shi sashen gabas ni sashen yamma.

A wancan lokacin ban san akwai guba a cikinta ba, Allah shi ne shaidata. Wannan ban ɗauke shi laifi ba. Laifina yana gaba.

Yara suka fara suma da jijjiga, aka fara binne su, likitoci suka zo suka ce gubar dalma ce daga dutsen da ake niƙawa a cikin gidaje. Sai aka turo masu kwashe ƙasa, suna kankare tsakar gida da daɓen ɗakuna suna zuba sabuwa. Mai gari ya sa aka yi shela, duk wanda ya san inda aka kai wannan laka, ko an yi bulo da ita ko yaɓe, ya zo ya faɗa. Na ji shelar da kunnena ina zaune a zaure. Ban tashi ba. Ina ganin yadda iyayen da suka rasa 'ya'ya suke kallon masu injin niƙa, na ce in na buɗe baki ni ma haka za a kalle ni. Na yi wa kaina huɗuba cewa tawa tana sama, ta bushe, babu yaron da zai rarrafa ya lasa. Ranar da aka zo gidanmu har ɗakin Rabi na shiga tare da su, wani mutum daga cikinsu yana ɗora wata 'yar na'ura a ƙasa yana dubawa, ya share gumi ya ce kai, ɗakin nan da sanyi yake. Bala ya bugi ƙirji ya ce aikin yayana ne. Mutumin bai ɗaga kai ba, ni kuma na yi murmushi. Kalma ɗaya ake nema a bakina, duba sama, ban faɗa ba.

Bayan kamar shekara biyu, an gama gyaran gari, kowa ya saki jiki, sai Safiya ƙaramar ɗiyar Rabi ta kwanta, irin ciwon nan dai. Aka kai ta asibiti aka auna jini aka ce dalma ce, kuma da yawa. Ba ta tashi ba. Likita ya tambaya ina ta samu bayan an share gidan, sai aka fara neman mai laifi, kuma kun san mutanenmu, in ana neman mai laifi mace ake fara dubawa. Aka ce Rabi tana karɓar dutse a ɓoye tana dakawa a ɗaki ana biyanta. Babu wanda ya gan ta, ko turmi ba a samu ba, amma magana ta zauna. Ta yi alwala ta ɗauki Alƙur'ani a gabanmu ta rantse. Ta juyo ta dube ni ta ce, Yaya kai ne babba, ka san ni tun ina amarya, ka ce wani abu mana. Na ce mata Rabi ki yi haƙuri. Abin da ya fito daga bakina ke nan. Bala ya sake ta, ta koma wurin danginta ta wajen Gummi da sunan wadda ta kashe ɗiyarta saboda kwaɗayi, ta bar babbar ɗiyarta Zulai a gidan, tana 'yar shekara takwas. Ban tabbatar ƙurar silin ce ta kashe Safiya ba, ni ba likita ba ne, amma na san Rabi ba ta daka komai ba, kuma na san abin da ke saman gadon da yarinyar take kwana.

Aka mayar da ɗakin na ajiyar hatsi da tarkace, sai na samu abin da zan lallaɓa zuciyata da shi, na ce ai babu mai kwana ciki. Sauran takwas ɗin, wasu sun rushe, wasu an sake musu rufi, uku suna nan har yau da mutane a ciki. Kullum na wuce ta ƙofarsu sai in sauya hannu.

To yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Zulai ta girma ta yi aure a Bukkuyum, ta dawo gida haihuwar fari kamar yadda aka saba, ta sauka lafiya ta samu mace. Ina can wani ƙauye ana gyaran masallaci, na dawo bayan suna da kwana biyu, sai na tarar an kwashe tarkacen an share ɗakin Rabi an sa ta ciki, wai shi ya fi kowane sanyi kuma ɗakin innarta ne, ita ma ta ce nan take so. Na shiga yin barka. Ƙofa a rufe da labule mai kauri, taga ɗaya tilo an toshe ta da tsumma, ga kaskon garwashi ƙarƙashin gado, ga zafin bazara. Na ɗaga kai na dubi silin. Gara ta ci karan, lakar ta tsage kamar bakin tafki a rani, wuri biyu har kwano ake hangowa. Saman gidan sauron ya yi fari fat da ƙura. Ina tsaye iskar hadari ta kaɗa kwano, na ga ƙurar tana saukowa a hankali ta cikin hasken bakin ƙofa. Zulai ta hure fuskar jaririyar, ta goge mata baki da gefen zane, tana dariya ta ce, Baffa, silin nan naka ya tsufa, kullum sai na kakkaɓe ta kamar wadda ta je sussuka. Ta miƙo mini ita ta ce in sa mata albarka. Na karɓa.

Washegari na hau mashin na je asibiti a Anka, na samu wata ma'aikaciya na tambaye ta kamar labarin wani ne. Ba ta bari na ƙarasa ba ta ce a fitar da jaririyar da uwar daga ɗakin yau ba gobe ba, kada a share ƙurar da tsintsiya, kada a taɓa rufin suna ciki, kuma a kawo su duka biyu a auna jini. Ta ce jariri ba ya bukatar mai yawa, kuma ɓarnar da take yi a ƙwaƙwalwa ba lallai a gani yanzu ba. Ta tambaye ni wane gari ne, na ce zan dawo.

Ranar nan bayan la'asar na ja Bala bayan rumbu na faɗa masa komai, tun daga amalanke har shelar mai gari. Na zaci zai mare ni, kuma da ya mare ni da na gode masa. Ya zauna a kan dutse, na ɗauka hawaye ne zai zo. Da ya buɗe baki ba sunan Safiya ya kira ba, ba na jikarsa ba, cewa ya yi wa da wa suka sani. Na ce babu. Ya ce to ya tsaya a haka. Wai in maganar ta fita shi ne zai zama mutumin da ya saki matarsa a kan ƙarya bayan ta dafa Alƙur'ani, da wane ido zai kalli mutanen Gummi, da wane ido zai tsaya sahun gaba a masallaci. Ya ce, mi kaka so in ce ma Zulai, in ce ubanki azzalumi ne baffanki kuma shi ya kashe ƙanwarki? Ya ce akwai gidajen da suka binne yara a ƙarƙashin irin wannan silin nawa, kuma zamanin nan kowane matashi yana da abin da ya ɓoye a ɗaki saboda ɓarayin daji, in sun ji ba kotu za su kai ni ba, kuma wutar da za a sa wa sashena ba za ta tsaya a katanga ba. Shawararsa ita ce a bari ta yi arba'in ta koma gidan mijinta, sai mu sauke rufin a hankali da sunan gyara, shi ke nan, babu wanda ya ji.

Kwana talatin suka rage a ranar. Na ce masa kwana talatin yarinyar nan tana shaƙar abin, tana haɗiya da nono. Ya ce ai Zulai ma a ɗakin ta girma ga ta da ƙafafunta. Wannan maganar ita ce ta fi ƙona mini rai, domin irin ta ce na yi ta faɗa wa kaina shekara da shekaru, yanzu ina jin ta a bakin ƙanena, jikarsa ta cikinsa tana kwance a ƙarƙashi. Na zage shi, ban taɓa zaginsa ba tun muna yara, na ce masa mutuncinsa ya fi masa jinin ɗiyarsa. Ya ce ni ne zan yi masa wa'azi, ni da na tsaya ina kallo aka kori Rabi. Gaskiya ya faɗa, amma gaskiyarsa ba ta tsayar da ƙurar ba.

Na gwada bi ta bayan gida ba tare da na tona komai ba. Mai kula da jegon yayarmu ce, wadda duk gidan ke kira Gwaggo Tumba, ita ke dafa ruwan wanka, ita ke dama kunun kanwa, kuma maganarta ba a tsallakewa. Na ce mata rufin zai faɗo, a mayar da Zulai ɗakin matata. Ta ce tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa jin an tada maijego daga ɗakin da aka binne cibiya a bayansa ba kafin arba'in, iska za ta shige ta, jikinta ɗanye ne. Ta kira Bala ta ce ya duba, shi kuma ya ɗauki sanda ya zunguri silin a gabana, wallahi a gabana, ƙura ta zubo a kan gado, ya ce ga shi nan garau, zai kai baɗi. Na ce to a buɗe tagar ko iska ta samu hanya, na zare tsumman da hannuna, ban kai zaure ba ta mayar. Ta biyo ni da faɗa har tsakar gida, wai tsufa ya fara taɓa ni, wagga ba maganar maza ba ce, in je in nemi bangon da zan yaɓa. Matan gida suna ta dariya. Na sayo babbar leda zan ɗaura ƙarƙashin silin ta tare ƙurar, Bala ya tare ni a bakin sashensa ya karɓe, ya ce in mutane sun ga leda za su tambayi dalili. Tun ranar ya ce kada in sake taka sashensa, a gidan ubana, a ɗakin da na yi wa rufi.

Yau kwana biyar ke nan da na sani ina zaune. Duk lokacin da iska ta kaɗa kwano sai in ajiye abin da ke hannuna. Ina jin haushin Bala kamar in shaƙe shi, ina jin haushin Gwaggo da garwashinta da tsummanta, duk da ita ba ta san komai ba, ina jin haushin duk wanda ya taɓa yaba mini sanyin ɗakin nan. Amma in na gama zagaye kaina nake dawowa, domin ni na ɗebo ƙasar, ni na toshe tagogin da mahaifina ya bari, ni na yi murmushi. Kuma kada in yi muku ƙarya, barazanar Bala ta kama ni. Ina da mata, ina da 'ya'ya da jikoki a sashen nan, su ba su ɗebo laka ba. Tsoron da ya rufe mini baki wancan karon yana nan bai mutu ba, tsufa kawai ya yi tare da ni.

Hanyoyin da nake gani ga su. In shiga da ƙarfi in faɗa wa Zulai gaskiya, mace mai ɗanyen jego, ta ji a zama ɗaya abin da aka yi wa innarta da wanda ya yi, ban san abin da zai same ta ba, ko nonon ma ya ɗauke. Ko in koma wurin ma'aikaciyar nan in faɗi sunan garin su zo da kansu, in sun zo kuwa ba ɗaki ɗaya za su tambaya ba, sai na nuna sauran ukun, kuma ya kamata in nuna, akwai yara a cikinsu su ma. Ko in fara zuwa wurin mai gari in ce shelar da ka yi shekarun baya yau na zo amsawa, ya san yadda zai tare matasa. Ita kuma Rabi tana raye, ta tsufa da wannan tabo, na san ko ba yau ba sai na je na durƙusa a gabanta da gaban danginta, ban sani ba ko ita ya kamata ta fara ji kafin duniya. Masu ilimin addini a cikinku ku faɗa mini abin da ke kaina game da Safiya, kada ku sassauta. Masu aikin lafiya ku faɗa mini ko akwai abin da zan iya yi daga waje ya rage ƙurar ba tare da na girgiza rufin ba, duk da na san amsar da aka ba ni ita ce a fitar da su.

Abin da ya sa na ce gaggawa, gobe Juma'a mijin Zulai zai zo daga Bukkuyum ganin iyalinsa. Yaro ne mai hankali, kuma 'yarsa ce, shi kaɗai ne in ya ce a fito da matarsa a kai ta asibiti, Gwaggo da Bala ba su isa su hana ba. Ni ne babban gida, a zaure wurina zai fara tsugunawa ya gaishe ni kafin ya shiga ciki, kuma na san Bala zai zo ya zauna kusa da ni don ya tsare bakina. Zai ce Baffa ya gida, ya mai jego, ya jaririya. Jama'a, don girman Allah ku faɗa mini kafin a sauko daga masallaci, in na buɗe baki a gaban ƙanena, daga ina zan fara, kuma in tsaya a kan ƙurar kawai ko in faɗi duka har da Rabi? Lafiya lau dai ba zan sake cewa ba.